Yadda Na Sauke Kayan da Na Gada

Mu Maguzawa ba mu taɓa musun akwai Allah ba. Wannan nake so mai karatu ya fara sani, domin mutane da yawa, har cikin 'yan uwanmu Hausawan birni, suna zaton itatuwa da duwatsu kakanninmu suka mai da Allah. Ba haka abin yake ba. A gidanmu, a wani ƙauye cikin ƙasar Malumfashi, da Allah ake rantsuwa, ana cewa Allah ya kawo ruwa, Allah ya raya, Allah ya kiyaye hanya. Sai dai an ɗauka yana can nesa, bai cika sa baki a sha'anin gona da ciwon yara ba. Waɗanda ke kusa su ne iskoki, su kuwa ba sa aikin kyauta. Uwar Gona tana da rabonta kafin shuka. Kure yana da jan zakaransa. In an yi kaka, ba a buɗe rumbu sai an zub da jini da giya a gindinsa. In zazzaɓi ya kama yaro har ya sanƙare, sai a garzaya wurin boka ya duba wa aka saɓa wa, ya kuma faɗi launin akuyar da za a nemo.

Ni ne ɗan fari, saboda haka tun ina ƙarami kowa ya san ni zan gaji wuƙar yanka da ƙwaryar tsafi. Ni nake riƙe wa Baba ƙafafun akuya. Na san inda ake tsayawa, da hannun da ake zuba giya da shi, da maganganun da ake yi ƙasa-ƙasa. Ban taɓa raina mahaifina a kan wannan ba, har gobe kuma ba zan raina shi ba. Mutum ne mai gaskiya da ke neman tsare iyalinsa da abin da ya tarar. Amma abin da na gani da idona shi ne biyan ba ya ƙarewa. Kamar bashin dawa ne da talaka ke ci a tsakiyar damina: ka karɓi buhu ɗaya, da kaka ka mayar da biyu, kafin wata daminar ka sake tsayawa a ƙofar mai hatsi. Ka yanka bana, baɗi ma sai ka yanka. In gona ta yi kyau, ka ji tsoron bakin mutane. In ba ta yi ba, ka kwana kana lissafin abin da ka manta. Na yi firamare da sakandare, har na sami aikin koyarwa a makarantar ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, amma boko bai kwance mini ko laya ɗaya daga damtse ba.

Mai bin Yesu ɗaya ne tak a gidan a lokacin, yayan Baba, wanda muke ce wa Baffa. Kuturta ta kama shi yana saurayi, aka kai shi Babbar Ruga wajen Katsina, inda 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suke jinyar kutare. Ya daɗe can. Da ya dawo cutar ta mutu, amma ta riga ta cinye masa yatsu. Ya dawo kuma da abu biyu da ba wanda yake da su a gidan: iya karatu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsohuwar fassarar nan ta 1932. Da dungulmin babban yatsansa yake buɗe shafi, ya ɗan taɓa leɓe da shi, ya tura takardar a hankali don kada ta yage. Shi ne ya kamata ya gaji wuƙa, da yake shi ne babba, sai ya ce ba ya so, ta faɗo wa Baba. Bai taɓa tare ni da wa'azi ba. Abin da ya tsaya mini a rai tun ina yaro barcinsa ne. In mujiya ta yi kuka a kan ɗaki da tsakar dare, duk gidan sai a farka, mata su rungume yara, wani ya fito da bakin wuta ya kore ta. Daga ɗakin Baffa kuwa, can ƙarshen gida, ba ka jin kome sai minshari. Asabari kaɗai ke ƙofarsa, ba laya a rataye, ba ƙaho a binne a bakin shiga.

Abin da ya karya ni mutuwar 'yarmu ce ta biyu. Ƙyanda ta ɗauke ta tana koyon tafiya. An yi yanka tun tana kwance, an sake yi, ba ta tashi ba. Bayan an rufe ta boka ya ce ruwa ba ya tsami banza, akwai baki a cikin gida. Bai ambaci suna ba, amma kowa ya juya ya dubi ɗakin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda mijinta ya mutu ta dawo gida ba ɗa ba jika. Na daina cin abin hannunta. Na hana matata barin yaronmu ya kusanci ƙofarta. Barci ya ƙaurace mini. Ina kwance ina sauraron ko wane motsi, in ɓera ya taɓa ƙwarya sai gabana ya faɗi. A wannan lokacin matata ta fara bin wasu mata zuwa taron zumuntar mata a 'yar majami'ar ECWA da ke ƙauyen da nake koyarwa. Ban hana ta ba, don na lura ranar da ta je takan iya cin abinci.

Da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, 'yan Sabon Rai suka zo garin da gangunansu. Ƙungiya ce ta masu bi daga ikkilisiyoyi dabam-dabam, tun shekarun 1960 suke zaga ƙauyukan Arewa da bishara, yawancinsu ba fastoci ba ne, manoma ne da teloli da 'yan kasuwa. Suka kafa fitila a dandali bayan magariba. Na je, amma na tsaya can baya wajen teburin mai shayi, inda in an tambaye ni sai in ce shayi na zo sha. Wanda ya yi wa'azin dattijo ne, kana ganin tafin hannunsa ka san fartanya ta san shi. Ya karanta Matiyu 11:28 zuwa 30, inda Yesu yake kiran dukan waɗanda suka gaji, masu fama da kaya, su zo gare shi ya hutasshe su. Sai ya rufe littafin ya ce, "Jama'a, ku duba da kyau. Bai ce ku zo da akuya ba. Bai ce ku je ku gyara halinku tukuna ba. Bai tambayi gidan da aka haife ku ba. Cewa ya yi ku zo. Mai kaya ake kira, wanda ba shi da kaya ya yi zamansa."

Ban taɓa jin an yi maganar Allah ta wannan fuska ba. A sanina, mutum ne ke nema, shi ke kai kuka, shi ke biya, sa'an nan ya jira ya ga ko an karɓa. Ga shi yau ana ce mini Allah ne ke kira, shi ne ya fara tahowa. Da aka ce mai so ya fito gaba a yi masa addu'a, wasu mata da samari suka fita. Ni ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na hango ƙannena biyu cikin taron, na san kafin in isa gida labari ya riga ni zuwa kunnen Baba, kuma bai dace uba ya ji irin wannan magana a bakin yara ba. Na biya kuɗin shayi na hau kekena. Ba na ganin laifin wanda ya fita a take, wasu haka Ubangiji yake kama su, kuma sun tsaya har yau. Amma ina roƙon masu wa'azi kada su ɗauka wanda bai taso ba bai ji ba. A daren nan babu wanda maganar ta shiga kamar ni.

Na yi ta juya abin a raina har zafin bazara ya shigo. Wata rana da yamma na sami Baffa a inuwar ɗakinsa, na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Na ce, "Baffa, in mutum ya daina yanka, wa zai tsare masa gida?" Bai amsa ba. Ya jawo littafinsa daga ƙarƙashin matashi, ya tura shafuka har ya kai inda yake so, ya miƙo mini. "Kai ne malami, ɗana. Karanta mana." Ibraniyawa sura 10 ce. Ana maganar hadayun da Yahudawa suke miƙawa kowace shekara, ana cewa da suna iya tsarkake mutum sarai, ai da an daina miƙa su. Ana cewa ba shi yiwuwa jinin bijimai da na awaki ya ɗauke zunubi. Kowane firist, wato mai miƙa hadaya, yana tsaye kullum yana maimaita hadaya iri ɗaya, amma Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, sa'an nan ya zauna a hannun dama na Allah. Na karanta, na koma na sake karantawa. Ni da na tashi da ƙafar akuya a hannuna ban bukaci a yi mini dogon bayani ba. Wanda ya zauna, aikinsa ya ƙare ke nan. Baffa ya ce, "Ka ga abin da ya sa nake barci."

Amma surar ta tone mini wani abin da ban zo nema ba. Ni tsoro na kawo, ita kuwa zunubi take magana a kai. Na ɗauka kayana duka daga waje aka ɗora mini: iskoki, mayu, bakin mutane. Sai na ga akwai wanda ni na ɗaure da hannuna, ƙiyayyar da nake yi wa tsohuwar da ta goya ni.

Ranar wata Alhamis bayan an tashi makaranta na wuce gidan mai bisharar da ke kula da majami'ar. Na tarar yana facin tayar kekensa a ƙofar gida, da kwanon ruwa a gabansa yana neman inda take sacewa. Ya ce, "Malam, sannu da zuwa, lafiya dai?" Na ce lafiya, zuwa na yi in karɓi Yesu. Na zaci zai yi tsalle don murna. Sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya tambaye ni abin da nake nema. Na ba shi labarin yarinyar da rashin barcin. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Gara in gaya maka gaskiya tun yanzu. In maganin mutuwar yara kake nema, ba ni da shi. Ni ma na binne ɗa, kabarinsa na bayan majami'ar nan. Yesu ba sabon boka ba ne da ya fi na garinku ƙarfi. Mai Ceto ne, kuma Ubangiji ne. In ka zo, da kai da kayanka duka za ka zo, ka zama nasa." Na gode masa a kan wannan magana har yau. Da ya yi mini alkawarin abin da Allah bai alkawarta ba, da tuni na koma.

Ya buɗe mini Afisawa 2:8 da 9, cewa ta wurin alheri ake samun ceto, ta hanyar bangaskiya, kyauta ce ta Allah, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. Ya buɗe Romawa 10:9, a kan shaidawa da baki cewa Yesu Ubangiji ne da gaskatawa a zuci cewa Allah ya tashe shi daga matattu. Ya tambaye ni ko na gaskata. Na ce na gaskata. Muka durƙusa. Bai ce in maimaita bayansa ba, ya ce in faɗa wa Allah da bakina. Ban iya addu'a ba, abin da ya fito shi ne, "Ya Allah, na gaji. Ni mai zunubi ne. Ka ce a zo, ga ni na zo. Ka gafarta mini saboda Yesu, ka karɓe ni." Ban ga haske ba, jikina bai yi rawa ba. A daren ma ban yi barcin kirki ba, don ina tunanin Baba. Bambancin shi ne, da na farka cikin duhu, maimakon in kasa kunne ga motsin waje, sai na sami wanda zan yi wa magana.

Gaya wa Baba shi ne dutsen da ya fi kowanne wuyar hawa. A al'adarmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ma cika duban idonsa, saboda alkunya. Irin wannan magana kuwa ba a kai ta kai tsaye. Na roƙi Baffa ya shige mini gaba. Muka same shi a zaure yana tufkar igiyar rama, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Na tsuguna daga gefe. Baffa ya yi bayani. Hannun Baba bai daina tufka ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, ka gaya wa yaron nan, kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban bar gida ba. Gandu da ni za a nome shi. Harajinka da ciwonka da suturar Inna duk suna wuyana kamar da. Wuƙar ce kawai ba zan iya riƙewa ba." Sai ya ajiye igiyar. Ya ce, "To, ran da na mutu, wa zai zuba mini?" A nan na gane ba fushi ne ya fi yawa a zuciyarsa ba. Tsoro ne irin nawa, na tsoho da yake ganin za a bar shi shi kaɗai a inda za shi. Na rasa abin faɗa, hawaye kawai nake yi. Ya tashi ya shige ciki.

Daga ranar ya daina sa hannu a akushi ɗaya da ni, ya miƙa wa ƙanena wuƙa. Bai kore ni ba, bai kuma zage ni ba. Inna ta yi kukanta ta share. Cikin danginmu akwai waɗanda suka musulunta tun da daɗewa, ɗaya daga cikinsu ya zo har gida ya ce tun da zan bar na gargajiya, me ya hana in zo wajensu. Muka yi magana ta mutunci, na gaya masa abin da na karanta da abin da na gaskata game da gicciye, ya gaya mini nasa. Har yau in sallah ta zo yana aiko mana da nama, mu ma da Kirsimeti muna aika masa da shinkafa. Shi Baba sai da aka yi kaka biyu kafin wata rana ya turo akushi gabana ba tare da ya ce uffan ba. A kan hanyar kakanninsa ya rasu. Ni na haƙa kabarin, ni na ciyar da baƙi, ƙanena ya yi abin da ya rage.

Sai maganar layu. Mai bishara ya ce in tattaro nawa in kawo, ya kuma ja mini kunne: "Naka kaɗai. Na mahaifinka ba naka ba ne, kada ka taɓa masa ko tsinke." Ina ganin hikima ce babba. Na ga samari da zafin sabuwar bangaskiya sun je sun farfasa tukwanen iyayensu, abin da suka samu kawai shi ne sun toshe kunnen tsofaffin har abada. Na kwance guru daga ƙugu, da kambun damtse, da layar da aka ɗinka mini cikin hula, na tono wadda aka binne a bakin ƙofar ɗakina. Bayan sujadar Lahadi dattawan ikkilisiya suka taru a bayan majami'a, aka karanta Ayyukan Manzanni 19, inda masu sihiri a Afisa suka ƙone littattafansu a gaban jama'a, har kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Wani dattijo ya sa reza ya farke gurun don in gani. Saiwa ce busasshiya a ciki, da ɗan gashin dabba, da ƙullin baƙin gari a tsumma. Hannuna na rawa na jefa su cikin wuta. Fatar ta daɗe tana ci, da wari mai kauri. Kwanaki bayan haka in na sa riga sai in ji ƙuguna wayam, hannuna ya riƙa kai kansa wurin yana lalube.

Ba wanda ya umarce ni in je wurin Gwaggo. Addu'ar Ubangiji ce ta hana ni sakat, don duk lokacin da na kai wurin neman gafara kamar yadda muke gafarta wa waɗansu sai harshena ya yi nauyi, ga shi ma ni ne mai laifin, ba ita ba. Da magariba na je ƙofar ɗakinta na yi sallama. Ta daɗe ba ta amsa ba, don ta manta rabon da wani ya yi mata sallama. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na zalunce ki. Ki yafe mini." Ta ce ba kome, ɗana, ba kome, tana kauda kai. Na ga tukunyarta a kan murhu, na ce, "Ba za a ba ni tuwo ba?" Ta dube ni ta tabbatar da gaske nake. Ta ɗauko mara, hannunta na karkarwa, ta kwaso tuwon dawa ta zuba miyar kuka. Na zauna a tsakar gida inda kowa zai gan ni, na cinye tas, na kira yarona na ba shi loma. A daren nan ne na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Aka rubuta sunana da na matata a ajin baftisma. Kowace Lahadi bayan sujada muke zama a kan bencin ƙasa, mu koyi Dokoki Goma, da ma'anar baftisma da Jibin Ubangiji, da koyarwar Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da zaman aure na masu bi, da baiko, wato bayarwa domin aikin Allah. A nan na fara jin tarihin yadda bisharar ta iso mu: samari uku, Gowans da Kent da Bingham, da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar Sudan, sunan da a lokacin ya haɗa har da Arewarmu, biyu suka mutu ba da jimawa ba, Bingham kaɗai ya rage, daga aikinsu kuma ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Na ji labarin Likita Miller, ɗan mishan na Zariya, da Hausawa masu bi da suka koma Wusasa tare da mishan ɗin a 1929. Ya ƙarfafa ni ƙwarai, domin in na shiga Kano ko Katsina na ce ni Kirista ne, sai a tambaye ni wane yare ne ni. Ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma akwai Masihiyawa irina tun kafin a haifi mahaifina.

Abin da ya fi ba ni wuya a watannin nan giya ce, ba don ƙishinta ba, sai don zumunci. A wurinmu gayya da biki da zaman makoki duk a kan ƙwaryar burkutu suke tafiya. In ka ƙi karɓa kamar ka ce ka fi ƙarfin mutane ne. Na koyi zuwa gayya da wuri, in yi noma fiye da kowa, in an sauke tulu in nemi kunu. Sannu a hankali aka saba.

Damina ta sauka ina cikin ajin. Na shuka gayaunata ba yanka, ni da matata muka tsaya a bakin gona muka yi addu'a, muka soma. Da dawa ta kai gwiwa ruwa ya ɗauke, aka shiga nuna ni da baki. Daga baya ya dawo, gonata ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma kasa ba. Cikin Agusta zazzaɓi ya kama yarona da dare har idonsa ya juye. Inna ta riƙe mini riga tana roƙo a je wurin boka ko sau ɗaya. Na ce, "Inna, ki yi mana fatan alheri." Matata ta goya shi, na ɗauke su a keke cikin taɓo zuwa asibitin sha-ka-tafi, aka yi masa allura, ya farfaɗo. Ba warkewarsa ce hujjata ba, ɗan mai bishara ai bai warke ba. Abin da na lura da shi shi ne, duk tsawon hanyar nan ina tsoro, ina roƙon Allah da ƙarfi, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina wa ya yi mana wannan ba, ko me na kasa biya. Na san hannun da yaron yake ciki, ko ya rayu ko bai rayu ba. Hutun da aka yi mini alkawari a dandali, a kan keken nan na san na same shi.

Kafin baftisma dattawa suka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Suka tambaye ni yadda na sadu da Ubangiji, da zamana da iyali, da ko akwai bashin wani a kaina. Wani ya ce, "Malam, ruwan nan zai cece ka?" Na ce a'a, Baba, Yesu ya riga ya cece ni, ruwan shaida ce a gaban jama'a cewa na mutu tare da shi, na tashi tare da shi. Ya gyaɗa kai. Aka kuma tambayi maƙwabta, har da waɗanda ba masu bi ba, ko sun ga canji.

An yi mana baftisma a ƙarshen damina, rafi na da sauran ruwa. Rabaran ya zo a kan babur daga gari, don mai bishara ba ya yin baftisma. Zumuntar mata suka jeru a bakin gaɓa da ankonsu, suna buga tulu da kacau-kacau. Mutanen gari suka cika tudu suna kallo, na hango ƙannena a ciki. Na shiga ruwan har ƙirji, da sanyi, ƙafata na nutsewa cikin yashi. Rabaran ya tambaye ni da ƙarfi ko na karɓi Yesu Almasihu ya zama Mai Cetona da Ubangijina, na amsa yadda na tudu za su ji. Ya dafa bayana ya nutsar da ni cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Da na ɗago, Baffa na fara gani. Ba shi da yatsun tafi, sai ya ɗaga dungulmin hannayensa biyu sama yana waƙa. Bayana aka shigar da matata. Da yamma muka ci Jibin Ubangiji karo na farko, ɗan gutsuren burodi da ƙaramin kofi.

Ba a bar ni na zauna ba. A makon nan dattawa suka ce tun da ni malami ne, ga mata da tsofaffi da suke marmarin karanta Littafi da kansu. Aka ba ni allo da alli da fitila, aka sa mana Laraba da yamma. Muka fara da a, ba, ca, kafin Ista kuwa wasu cikinsu suna haɗa baƙi suna karanta Markus.